Hular Direba Na Bakwai

Litinin, da yamma

Hula ta uku ke nan ta dawo daga wurin direba na bakwai. Mai Gyara ya farke ɗinkin, ya baje wayoyin a kan tebur, ya gwada su ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce in zo in nuna masa inda ta lalace, don shi dai idonsa bai gani ba. Na ce ba aikina ba ne in koya masa aikinsa. Ya ce shi ma ba aikinsa ba ne gyaran abin da bai ɓaci ba. Haka muka wuni muna gasa wa juna magana, kaina na sarawa.

Shekara biyu ina kan hular nan, har mafarkinta nake yi. Aikinta ɗaya ne: ta saurari abin da ke gudana a cikin kan direban bas, in barci ya fara satarsa ta yi ƙara kafin ya kai mutane rami. Akwai kuma kyamara a gaban sitiyari mai kallon idonsa. Direbobi arba'in na kamfanin bas ke sa mana ita don gwaji, kowa da lambarsa, kuma a ƙa'ida ba mu san wace lamba ce ta wa ba.

A ƙa'ida na ce. Yaya, wana, wanda direba ne a kamfanin, da bakinsa ya ce min, "Auta, wai ku duk bokonku ba ku iya ɗinka hula ba ne? Sau uku ana canza min." Direba ɗaya ne aka canza wa hula sau uku.

Talata, da rana

Shara na yi yau. Haka muke kiran aikin. Hula tana zana layi a allon kwamfuta, mu kuma mu bi layin mu goge wuraren da muka ga shirme ne. Dokar Farfesa ce, shugaban aikinmu, kuma ya faɗe ta har ta zama waƙa a ɗakin bincikenmu: in hula da kyamara suka saɓa, kyamara ce mai gaskiya, ido a buɗe mutum a farke. Layin barci mun san shi, a hankali yake kwantawa. Na direba na bakwai ba ya kwantawa, tsalle yake yi kamar haƙoran zarto, na ɗan lokaci, idonsa kuma a buɗe. Waya ta saki ke nan, in ji doka. Wata biyu ina gogewa da hannuna.

Don in kunyata Mai Gyara, na sa an kai wa wani direban tsohuwar hular Yaya, ta farkon. Gobe zan ajiye masa sakamakon a tebur in ga bakin magana.

Laraba, da yamma

Hular lafiyarta ƙalau.

Alhamis, bayan azahar

Na jira kowa ya fita cin abinci. Abin da muke gogewa ba ya ɓacewa nan take, yana zama a kwandon sharar kwamfuta. Na dawo da na direba na bakwai, na jera shi da hoton kyamara, abin da ban taɓa yi ba, don wa ke tsayawa kallon shara?

Yana tuƙi, yana hira da kwandasta, yana dariya. Sai dariyar ta tsaya a rabi. Idonsa a buɗe tar yana kallon titi, amma babu kowa a cikin idon. Leɓensa na motsi kaɗan kamar mai tauna. Hannunsa na kan sitiyari, ba ya juya shi. Bas na tafiya, shaguna na wucewa ta tagar gefensa. Can ya ƙifta ido, ya gyara madubi, ya ɗauki dariyar daga inda ya ajiye ta.

Ba ya daɗewa. Kamar ka sha ruwa rabin kofi. Amma bas ba ta jiran mutum ya dawo.

Na kalli kaɗan na rufe. Akwai saura da yawa. Mai Gyara ya shigo ya ce me ya samu fuskata, na ce mura ce.

Asabar, da la'asar

Na je gidan Yaya. Yara sun yi min oyoyo, Anti ta dafa shayi, shi kuma ya ce shi zai zuba, wai matarsa rowar sukari gare ta. Yana zubawa yana ba ni labarin wani fasinja da ya shigo da akuya ya ce ƙanwarsa ce. Kofi ya cika, shayi ya bi tire, ya sauko kan tabarma, butar na hannunsa. Ban iya motsi ba.

Anti ta karɓi butar a hankali, ta ce, "Mai tunani ya tafi kasuwa." Yara suka yi dariya. Ya dawo ya ce, "Kai, wa ya zubar da shayi?" Suka ƙara fashewa. Ta goge wurin ba ta kalle ni ba. Tsumman yana kusa da tiren tun kafin a fara zubawa, ba yau farau ba.

Ya rako ni bakin titi. Yana tafe yana min faɗan ba na cin abinci, wai iska za ta ɗauke ni. Mutumin nan ya bar makaranta ranar da muka dawo daga binne Baba, ya shiga gareji wankin mota har ya zama direba. A kujerar gaba ta bas ɗinsa na haddace rabin karatuna. Ni da digirina duk daga sitiyarin nan muka fito.

Na buɗe baki na ce, "Yaya." Ya ce, "Na'am?" Na ce ya gaida yara, waɗanda na baro yanzu-yanzu.

Gobe zan faɗa masa.

Lahadi, da hantsi

Ban je ba. Na yi wanki, har abin da bai yi datti ba.

Ranar da muka kai hulunan gareji ta tsaya min a rai. Direbobi sun zauna a kan benci da tayoyi, fuska ba annuri. Shugabansu, wani dattijo mai karyayyen haƙori, ya ce, "'Yata, mu mun san irin wannan. Yau hula ce ta ceton rai, gobe manaja ya kira ka ya ce hula ta ce ka yi hamma sau biyu." Tun ranar suka raɗa mata suna Magulmaciya. Farfesa ya yi ta bayani da manyan kalmomi, ba wanda ya motsa. Ni na tashi na ce, na rantse ba sunan da zai fita daga ɗakinmu zuwa ofishin manaja, ko da me hular ta gani. Dattijon ya ce, "Da me za ki riƙe rantsuwar?" Kafin in amsa Yaya ya miƙe ya ce, "Da ni. Ƙanwata ce." Ya ɗauki hula ya kafa a kansa, saura suka bi.

Lokacin har daɗi na ji, ina ganin na iya magana.

Litinin, da safe

Na bar hanyata na zagaya na hau bas ɗin Yaya. Ya ce, "Yau kuma injiniya ce a motar talakawa?" Na zauna a kujerar bayansa daidai. Bas cike: ma'aikata, mata da kwandunan kasuwa, wani tsoho da sanda, wata mai goyo a tsaye ba wanda ya tashi mata sai da Yaya ya yi tsawa. Kowa na danna waya ko gyangyaɗi. Ba wanda ya kalli direba. Ba a kallon direba, kamar yadda ba a kallon ƙasar da ake takawa.

Ni idona na kan madubinsa. Na yi ta jansa da surutu, labarin ofis, labarin maƙwabta, har ƙarya na ƙaro don kada hirar ta yanke. Ya ce, "Auta, aljanin magana ya hau ki ne?" Mun isa lafiya. Na sauka, amma na san yana da sauran zuwa da dawowa har yamma, ba ni a bayansa.

Talata, da rana

Na shiga wurin Farfesa na rufe ƙofa. Na ce, a misali, in hula ta ga wani abu a kan direba wanda ba barci ba ne fa? Ya cire tabarau ya murza ido. Mutumin ba mugu ba ne, ya gaji ne kawai, kamfani na matsa masa, makon gobe za su zo ganin sakamako.

Ya ce, "Hularmu ba likita ba ce. Ba a ba mu izinin duba lafiyar kowa ba, barci muke nema. In kin kai maganar gaban kwamitin da ke sa ido kan bincikenmu, za su buɗe lamba su ga suna, dole a sanar da kamfani. Washegari duk direbobin za su dawo mana da hulunansu." Sannan ya ce, "Kin tabbata ba waya ba ce?"

Na ce ban tabbata ba. Ƙarya na yi.

Ya ce, "To abin da ba a tabbatar ba shara ne." Ya mayar da tabarau. Ya buɗe min ƙofar tsira ce, na gane. Zan iya komawa teburina in goge, ba wanda zai taɓa tuhumata. Na fito ina jin haushinsa, alhali abin da na shiga nema ke nan ya ba ni.

Laraba, da yamma

Na kai wa ƙawata likita layin, ba hoton fuska, ba lamba. Tana cin gyaɗa ta kalla, ta ajiye gyaɗar. Ta faɗi sunan ciwon. Ba zan rubuta shi a nan ba. Tun muna yara in an ambace shi mutane tofar da yawu suke yi su ja da baya.

Ta ce irin wannan ba ya kayar da mutum, shi ya sa ake shekaru ba a gane ba, shi kansa mai shi ba ya sanin ya tafi. Ta ce akwai magani, da yawa suna samun sauƙi. Na ce aiki fa? Ta ce, "Wane aiki yake yi?" Na mayar da idona kan layin. Ta ce, "In dai ba tuƙi ba ne ko hawan bene, da sauƙi." Na sunkuyar da kai. Ta kalle ni, ta kalli layin, ta ce, "Kai. Ke. Ko keke kada ya hau, sai ya daɗe ƙwarai a kan magani abin bai dawo ba. Motar mutane kuwa, ki cire rai."

Ta tambaye ni wane ne. Na ce lamba ce kawai.

Alhamis, da safe

Na hau. Mun isa.

Alhamis, da yamma

Gobe zan faɗa masa. Na san na rubuta haka a baya.

Juma'a, da rana



A gangaren da ke kaiwa danja ne. Danja ta nuna ja, motoci sun tsaya a gabanmu, bas ba ta rage gudu ba. Na kalli madubi na ga idon. Na kira Yaya, bai ji ba. Na daki kafaɗarsa na ƙwala masa kira, ban san muryata na kai haka ba. Ya dawo, ya taka birki da duk ƙarfinsa. Mutane suka zube a kan juna. Mun tsaya, tsakaninmu da bayan wata ƙaramar mota bai kai taku ɗaya ba.

Wata mata ta bugi ƙarfe da baki, jini ya ɓata mata gaban riga, kwandonta ya kife, tumatir na gangarawa ƙarƙashin kujeru. Ana salati, ana zagi. Wani ya ce direba barci yake yi. Kwandasta ya ce ƙarya ne, idonsa biyu, shi shaida ne. Yaya ya juyo, fuskarsa ta yi fari, ya ce, "Birki ne. Birki ya ƙi kamawa da farko."

Ya kalle ni. Na sunkuya ina tsintar wa matar tumatir.

Asabar, da hantsi

An dakatar da bakaniken da ya duba birkin bas ɗin. Mutum ne mai iyali, yana gaishe ni duk sanda na je gareji. An ce ya yi ta rantsuwa yana cewa a kwance birkin a gani, manaja ya ce ya je gida tukuna. Mu mun ɗora wa hula, su sun ɗora wa birki, yanzu ga wanda ya ɗauki kayan.

Na je gidan Yaya lokacin da na san ba ya nan. Anti na wanke-wanke. Na ce, "Anti, tun yaushe?" Ba ta ce tun yaushe me ba. Ta ce tun bara.

Ta ce da farko ta ɗauka gajiya ce. Ta ƙara masa ganyen shayi, ta hana yara hayaniya in ya kwanta, tana kiransa a waya duk sanda ta san ya kai ƙarshen layi don ta ji muryarsa. In wayar ta daɗe tana ƙara bai ɗauka ba, zama take yi a ƙasa duk inda take. Ba ta taɓa faɗa masa ba. Na ce don me? Ta ajiye kwano da ƙarfi.

"In ce masa me? In ce mutumin da bai san komai ba sai tuƙi ya sauka ya zauna a gida ina kallonsa? Ke kin san shi. Ranar hutu ma sai ya je gareji ya shafa motar." Ta goge hannu a zane. "Ki rufa mana asiri, Auta. Ke kin tsaya da ƙafarki. Mu a kansa muke tsaye."

Na ce, Anti, jiya ina cikin motar. Na ce mutum nawa ne a ciki, kowa da mai jiransa a gida. Ta ce, "Kina ganin ban sani ba ne?" Sai ta fashe da kuka, ni ma na kama. Muka ƙarasa wanke-wanken tare.

Lahadi

Gaba kura, baya siyaki. Ban fita ba. Ban ci komai ba.

Litinin, da yamma

Na sami Yaya a gareji, wurin wankin motoci, an ba shi wata bas ɗin kafin a gama binciken tasa. Na ce ya shigo ciki mu zauna. Muka zauna a kujerar baya, ruwa na zuba a tagogi. Na buɗe kwamfuta a cinyata. Ban yi wani bayani ba, don duk jawabin da na shirya ya gudu.

Ya kalli kansa yana dariya, ya kalli dariyar ta tsaya. Ya matso da fuskarsa kusa da allon. Ya ce, "Mayar baya." Na mayar. Ya sake cewa in mayar. Sannan ya ce, "Wannan ni ne?"

Na faɗa masa abin da likita ta ce, har sunan. Bai tofar da yawu ba. Ya daɗe yana kallon hannuwansa.

Ya ce ya jima yana zargi. Sai ya tsinci kansa ya wuce tasha bai tuna ya wuce ba, ko fasinja na masifa wai ya yi ta buga ƙararrawa. Ya kasa tambayar kowa. Likitan kamfani, abin da ka faɗa masa da safe manaja ya ji da rana.

"Da kuka kawo hular nan, na ce alhamdu lillahi. Kin ɗauka don in taya ki na fara sawa? Har da hakan. Amma na ce a raina, in da wani abu a kan nan, Auta za ta gani, ita kuma ba za ta tozarta ni ba. Da kika aiko aka ce hula ce ta lalace, ranar nama na saya wa yara. Aka sake cewa hula ce. Aka sake. Na ce to, ƙanwata ta duba har sau uku, lafiyata lau, sharrin zuciya ne."

Ban taɓa jin kunya irin ta yau ba. Yana jiran amsata, ni kuma ina can ina faɗa da Mai Gyara a kan waya.

Ya ce in ba shi zuwa ƙarshen wata ya shirya. Na ce ko tuƙin zuwa ɗaya ban yarda ba. Ya ce, "Ke za ki hana ni?" Na ce in ya hau gobe, ni zan shiga ofishin manaja. Ya ce, "Da rantsuwar taki?" Na ce da ita. Ya tashi tsaye, na ɗauka marina zai yi, bai taɓa yi ba. Ya sauka ya bar ni a cikin bas. Masu wanki suka ce in fito za su share ciki.

Talata, da sassafe

Ya kira. "Zo ki raka ni." Ya kashe.

Talata, da rana

A ƙofar ofishin ya riƙe hannuna ya ce sharaɗi ɗaya: kada in buɗe baki, kuma sunan nan kada ya fito, yau ko gobe. Na ce Yaya, in ka faɗi gaskiya rashin lafiya ce, dole su yi maka sassauci, wataƙila su ba ka wani aikin. Ya ce, "Barci kowa na yi. Wancan kuwa har 'ya'yana zai bi. Ba mai zama kusa da su a makaranta."

Ya shiga ya ce wa manaja birki ba shi da laifi, a dawo da bakanike, shi ne barci ya ɗauke, kuma ba wannan ne karo na farko ba. Manaja ya kalle shi, ya kalle ni, sai fuskarsa ta washe. Ya ce, "Ashe hular tana aiki!" Na ce ba hula ba ce, shi ya kawo kansa. Ya yi murmushin na gane, ya ce ba komai, ya san akwai ƙa'ida. Har ya tambaye ni ko akwai wasu. Na ji kamar in kifa masa teburin.

Sun karɓi katinsa. Shekara ashirin da wani abu, ba su ko ba shi kujera ba.

Mun fito direbobi na tsaye a inuwa, duk sun ga shigarmu tare. Yaya ya ɗaga musu hannu ya wuce.

Alhamis, da hantsi

Kwali ya iso ofis. Hulunan ne gaba ɗaya, an jera su tsaf, ba wadda aka yaga. Dattijon ne ya kawo da kansa. Ya ajiye a teburina ya ce, "Wadda ta sayar da ɗan uwanta, mu a nawa za ta sayar?" Bai ɗaga murya ba.

Kalma ɗaya ce za ta wanke ni, tana bakina. Na ce masa ya sauka lafiya.

Farfesa ya kulle kansa a ofis. Mai Gyara ya ajiye min shayi a gefe ya koma teburinsa. Shekara biyu ke nan a cikin kwali. Abin mamaki ba aikin ne ke min ciwo ba, kallon dattijon ne.

Juma'a

An dawo da bakanike. Anti ba ta ɗaukar wayata.

Asabar

Kaina na sarawa. Ruwa aka wuni ana yi.

Litinin, da yamma

Yau ne ganin likita. Na ce mu ɗauki tasi, ya ce shi bas zai hau, bai saci kayan kowa ba. Direban abokinsa ne, tare suka fara aiki. Ya gaisa da Yaya hannu biyu, ya hana shi biya. Ni na gaishe shi ya kalli titi.

Muka zauna a tsakiya, shi a jikin taga. Ban taɓa ganinsa a kujerar fasinja ba, ya rasa inda zai sa hannuwansa. Duk tashar da muka nufa sai in ga ƙafarsa ta dama tana danna ƙasa. Yana ta ƙunƙuni, wai abokin nasa yana shan kwana kamar mai jin haushin fasinja. Na yi dariya, rabona da dariya na manta.

Yana cikin cewa, "Ka ga, a nan ai giya ta biyu ake," sai ya tsaya. Na san idon yanzu. Na riƙe hannunsa na jira. Ban yi ihu ba, ban daki kowa ba. Bas ta rage gudu ta tsaya da kanta, a hannun wani.

Ya ƙifta ido. Ya ga hannuna a kan nasa. Ya ce, "Na tafi?"

Na ce, "Ka tafi."

Ya gyaɗa kai. Ya ce, "Da ni ne a gaba, da muna ina yanzu?"

Ya juya ya leƙa ta taga da kansa. An tashi daga makaranta, wata malama ta tsaya a tsakiyar titi ta ɗaga hannu, yara na tsallakawa a gaban bas ɗin biyu-biyu, riƙe da hannun juna. Layin da tsawo. Ya kalle su har na ƙarshe ya hau gefen titi, wani ɗan ƙarami da jakarsa ta fi shi girma.

Bas ta tashi. Ƙafarsa na nan danne a ƙasa, bai ɗaga ta ba har muka kai asibiti.